Sikelin Zari-Ruga Ya Shiga Tsakanin 'Yan Biyuna

Iyaye mata, ina gargaɗinku: kada ku yi murna don kwanon yaro ya dawo fes, sai kun ga bakin da lomar ta shiga. Ke kuma Anti, ki taimake ni da shawara, wallahi na gaji.

'Yan biyu gare ni, maza, suna ajin farko na sakandare. Ɗaya ya ɗauko jikin dangin ubansu, ɗaya ya biyo ni a rashin kauri, har kakarsu ta sa musu Turmi da Taɓarya. Tun firamare suke buga ƙwallon zari-ruga a ƙungiya ɗaya. Ni ban taɓa son wasan ba. Yaro ya fita da farar riga ya dawo kamar an tono shi, kuma ni ce mai wanki. Ubansu ne ya ce ya fi yawon banza.

Bana masu shirya gasar yara suka daina raba rukuni da shekaru kaɗai, sai an hau sikeli. Wai bara wani ƙato ya faɗa kan ƙaramin yaro ya karya masa kafaɗa. Turmi ya hau, aka ce ya yi nauyi, zai koma cikin manya. Kocinsu ya ce za a sake awo kafin gasa.

Duk wannan ba wanda ya gaya mini. Abin da na gani, Taɓarya mai yanga da abinci ya fara suɗe kwano, har ina gode wa Allah. Ashe da yake kwanonsu ɗaya, Turmi ɗan taɓawa yake ya janye hannu, ɗan'uwan ya tura sauran da ƙyar. Wai ko nauyin wannan ya sauko, ko na wancan ya hau, su haɗu a rukuni ɗaya. Na ga sabon ramin da aka huda da ƙusa a bel ɗin Turmi, ban kawo komai a raina ba, sai da jiri ya kwashe shi a makaranta aka kawo shi a riƙe.

Na gaya musu wannan ha'inci ne. Wanda ya cuci sikeli yana yaro, me zai yi da mudu in ya girma? Taɓarya cewa ya yi bai taɓa shiga fili babu ɗan'uwansa a bayansa ba. Na je na wanke kocin tas, ya ce doka ba tasa ba ce. Yanzu gidan shiru kamar an yi rasuwa, ubansu ma yana jin haushina. Ni dai na yanke: kowa da kwanonsa, a gabana, kuma na kulle ƙwallon, ba mai sake zuwa fili.

Uwar 'Yan Biyu

Amsa:

Sannu 'yar'uwa, kin ga tashin hankali. Ki fara kai Turmi asibiti a duba shi. Dokar kwano kuwa ki riƙe ta, daidai ce.

Amma sikelin ba maƙiyinki ba ne. Don irin su Taɓarya aka kawo shi. Da shekaru kaɗai ake bi, wata rana shi za a ɗauko daga ƙarƙashin ƙato. Laifin koci shi ne gaya wa yara za a sake awo ba da sanin iyaye ba. Ki koma tare da maigidanki, cikin sanyin murya, ku nemi ya tara iyaye, don da wuya a ce naki ne kaɗai ke zama da yunwa.

Ha'inci ne, gaskiyarki, kuma sun ji faɗa. Sai dai tsoron rabuwa ne ya kai su, ba mugun hali ba, kuma kulle ƙwallo ba zai cire wannan tsoron ba. Ki roƙi kocin su riƙa atisaye tare, kowa kuma ya kalli wasan ɗan'uwansa. Ko ba sikeli, makaranta ko aiki zai raba su nan gaba. Gara su fara koyo yanzu, ɗaya a fili ɗaya a bakin fili, su dawo gida tare su ci su ƙoshi. Ki buɗe musu ƙwallon idan likita ya yarda.

Allah ya ba Turmi lafiya, ya huci zuciyarki, ya raya miki su.