Magudanar da Na Haƙa a San Ciriaco

San Ciriaco, watan Yuli

Zuwa ga matata Herminia,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Casilda da jaririn da har yanzu ban ga idonsa ba. Yaya ƙafar taki? Kada hidimar jego ta sa ki bar shafa maganin.

Ni ƙalau nake a jiki, amma raina a ɓace yake. Bari in tuna miki, tunda mutanen garin nan sun manta. Ban gaji ko taku ɗaya na ƙasa ba, sakandaren ma ban ƙarasa ba. Ni na sare ƙayar gangaren kogi na mai da wurin gona. Ni na fara shuka albasa lokacin da kowa ke cewa gishirin ƙasar nan zai cinye ta, yau ga motocin Amurkawa suna jiranta a tsallaken kogi. Ni na ɗaure madatsar ruwa da ƙirare da duwatsu, na haƙa magudana har gindin coci, da diga da shebur da alfadari mai ido ɗaya. Ko peso ɗaya gwamnati ba ta ba ni ba.

To yayanki Eulalio, malamin makaranta, shi aka ba aikin rubuta tarihin gari a bangon coci saboda bikin bana. Jiya na tsaya na karanta abin da ya zana da alli kafin a sa fenti. Ya sa mutanen farko masu shuka masara a laka in kogi ya janye, ya sa sojojin da suka gina ganuwa, ya sa shekarar da aka mai da kogi iyaka aka raba mu da danginmu. Duk na yarda. Sai can ƙasa na ga: "Magudanar Crisanto, wadda ta rayar da garin."

Crisanto fa, Herminia! Mutumin da tafin hannunsa ya fi na limamin coci laushi. Abin da ya yi kawai shi ne kakansa ya dasa itace a ƙofar gida, magudanata ta bi ta gindinsa. Nan mata ke wanki, nan yara ke wanka, kowa sai ya ce mu haɗu a ta Crisanto, har sunan ya bi ta.

Na same shi a kan bencinsa yana yanka kankana. Na ce, "Mutumina, yaushe ka haƙa magudana ban sani ba?" Ya ce, "Zauna ka sha kankana, Sarkin Albasa. Kai ka kawo ruwa, ni na kawo inuwa. Laifina ne da mutane suka fi son zama a kan tsayuwa?" Duk wurin aka fashe da dariya. Na san ke ma yanzu dariyar kike. Tun muna yara maganarsa ke ba ki dariya, tawa kuwa sai ki ce in rage murya.

Ki rubuta wa yayanki ya goge, tunda ke yake jin maganarki.

Mijinki,
Nicanor

San Ciriaco, watan Satumba

Herminia,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki a zaune.

Crisanto ya rasu.

Ranar Talata na haye tsallake sayen irin albasa. Sama fes, ko gajimare babu, rana kamar ta fasa dutse. Ashe an kwana uku ana ruwa can kan duwatsun yamma. Da tsakar rana kogi ya taso, ja wur, ɗauke da itatuwa da gawar shanu. Ya fasa madatsa, ya cika magudana har baki, ya nufo cikin gari. Ni ina can ƙasar wasu, mai kwalekwale ya ce ko nawa zan ba shi ba zai shiga ba. Ina tsaye ina kallon garinmu.

Kin san ƙofar katakon da na yi a gwiwar magudana, wadda in an ɗage ta ruwa ke komawa kogi. Duk garin an san ta, amma kowa ya ruga ɗaukar 'ya'yansa. Crisanto ne ya ɗauki sheburina a ƙofar gidanmu ya tafi. Ya ɗage ƙofar, ruwan ya juya, amma ya tafi da shi. Audugarmu na nan tsaye, ɗakinki ko danshi bai yi ba. Washegari aka same shi a cikin ƙaya.

Ni na haƙa kabarinsa, ban bar kowa ya taɓa digar ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Amma a wurin jana'iza ina ji wata tsohuwa tana cewa, "Allah sarki, ya mutu a cikin magudanarsa." Herminia, sai da na dafa bango. Shekara da shekaru ina jiran ranar da ƙofar nan za ta yi aiki a ga hikimata, sai ranar ta zo ba na nan, malalacin nan ya riga ni. Mai rai ana iya jayayya da shi. Wannan kuwa ta ina zan fara?

Naki,
Nicanor

San Ciriaco, watan Oktoba

Herminia tawa,

Bayan gaisuwa, na ga takardarki. Na ji daɗi da jariri ya fara murmushi, na kuma ga inda hawayenki ya ɓata tawada. 

Na sake ɗaure madatsa. Wannan karon matasa sun fito taya ni, wai don darajar marigayi. Da ruwa ya dawo, gonar matarsa Teófila na fara sakar wa, tawa ta jira. Ta aiko mini da wainar masara da wake, ta ce shi kansa yakan ce mata in ba don Nicanor ba da garin nan ƙadangaru ne kawai a ciki. A cikin ɗaki ya faɗa, ita kaɗai ta ji. Me ya hana shi faɗa a kan bencin?

Eulalio ya sa fenti, shuɗi, manyan baƙaƙe. Yanzu ba na cewa a goge. Wanda ya taɓa sunan nan ma da ni zai yi. Amma akwai fili a ƙarƙashinsa, na auna da hannuna, ya isa layi guda. Ki gaya wa yayanki kafin biki ya rubuta: "Nicanor Luján ne ya haƙa ta, shi kaɗai." Fentin ni zan saya. Kuma ki ja masa kunne, baƙaƙen su yi girma ɗaya da na Crisanto, kada ya rage mini ko ɗan yatsa.

Ki gaida Casilda da mijinta.

Mijinki,
Nicanor Luján