Haƙoran Gwaggo

Litinin, 3 ga Maris

Sabuwar likitar dabbobi ta zagaya kejin da nake kula da shi a gidan namun daji yau. Yarinya ce, ba ta fi sa'ar 'yata ta fari ba. Ta daɗe tsaye gaban Gwaggo, tsohuwar kurar da nake kiwo tun tana 'yar mitsitsiya, tana kallon yadda take tauna. Wai turamen haƙoranta sun cinye, ɗaya ma kamar ya tsage. Daga yau a daina ba ta ƙashi, sai niƙaƙƙen nama.

Na ce to. To ɗin baki.

Laraba, 5 ga Maris

An kawo naman, laɓe-laɓe kamar abincin jariri. Gwaggo ta sansana, ta dube ni, ta koma lungu ta kwanta. Wallahi kunya na ji.

Asabar, 8 ga Maris

Har yanzu sai dai ta ɗan lasa. Na gaya wa Likita cewa kurar da ba ta fasa ƙashi ba kura ba ce, kare ne mai ƙusumbi. Ba ta yi fushi ba. Ta ja ni ɗakin da ake ajiye ƙasusuwa don 'yan kallo, ta ɗauko ƙoƙon kan wata kura. Ta nuna mini tudun da ke bisa kan, inda naman muƙamuƙi yake kamawa, da haƙoran gefe masu kauri kamar taɓarya. Ta nuna mini zanen wata ta zamanin da, wai ta kusa girman zaki, ƙashin manyan dabbobi take farfasawa. Na ce ai maganata kike yi, haka aka halicce su. Ta ce, "Baba, a daji in haƙoran nan suka ƙare, ita ma ta ƙare. A nan muna da zaɓi."

Zaɓin wa? Ba a tambayi Gwaggo ba.

Talata, 11 ga Maris

Na karɓo ƙashin cinyar sa wurin mahauci, na shigo da shi cikin bokitin wanke keji. Ƙas! Har birai suka yi tsit. Ta fasa shi, ta zuƙe ɓargon, ta yi wannan dariyar tata. Tsufa ai ba mutuwa ba ne.

Alhamis, 13 ga Maris

Na ƙara mata. Kashinta ya dawo fari fat kamar alli, yadda na lafiyayyar kura yake. Na share da wuri kafin a gani.

Maman yara ta ce in bi a hankali, wai ba kurar nake karewa ba, kaina nake karewa. Ina ruwan biri da gada.

Lahadi, 16 ga Maris

Jini a bakin kwanon ruwanta. Kaɗan ne. Dasashi ne kawai.

Talata, 18 ga Maris

Kuncinta na hagu ya kumbura. Ba ta ci ba, ko ƙashin ba ta kalla ba. Likita ta tsinci ɓallin ƙashi a magudanar ruwa, ta riƙe shi a tafin hannu, ta tambaye ni. Ban yi ƙarya ba. Na ce ni na ba ta, kuma ba guba na ba ta ba.

Manaja ya kira ni ofis, ya yi ta faɗa. An mayar da ni wajen tsuntsaye.

Juma'a, 21 ga Maris

Wuni guda ina kallon aku yana murƙushe ƙwallon kwakwa da baki. Shi bakinsa yana ci gaba da tsirowa, ba ya ƙarewa. Ba wanda ya zo ya ce a dama masa.

Daga nan ana jiyo kejin Gwaggo. Ban ji komai ba.

Litinin, 24 ga Maris

Likita ta zo da kanta har wajen tsuntsaye. Haƙorin ya rube, sai an cire, in ba haka ba ciwon zai shiga jini. Sai an yi mata allurar barci, kuma a shekarunta ba tabbas za ta farka. Gwaggo ta ƙi shiga ƙaramin keji, sun yi sun yi. Likita ta ce, "Muryarka kawai take bi."

Na so in ce ku kira niƙaƙƙen namanku ya shigar da ita. Na ɗauki hulata na bi ta.

Talata, 25 ga Maris

Na kira ta, ta taso tana tangaɗi, ta shiga. Ta yarda da ni, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ni na riƙe kanta a kan tebur. Na ga cikin bakin da idona, a karon farko ba ta bayan wayar keji ba. Turamen sun lafe kamar tsohon dutsen niƙa. Wanda aka cire ya rabe biyu har saiwa, ga wari.

Gwaggo ta daɗe ba ta motsa ba. Sai can kunne ɗaya ya girgiza. Na fita waje, wai zan wanke hannu.

Asabar, 5 ga Afrilu

An dawo da ni wurinta, wai na wucin gadi. Na zo da gatarin gida da wani ƙashin sa. Na tsaga ƙashin a tsaye, gida biyu, na kankare ɓargon na cakuɗa da naman, na tsince duk wani ɓalli da yatsa. Ta cinye tas, har tana ture kwanon da hanci.

Wannan ba niƙaƙƙen naman Likita ba ne. Nawa ne, dabarata ce, akwai bambanci.

Likita ta zo wucewa ta same ni tsugune ina tsincewa. Ta ce a sama mini safar hannu. Na ce ba na so, da yatsa ake jin masu kaifin.