Gizagon Bahago

Angona,

Ga kacici-kacici tun kafin gaisuwa: rami ne, ba a haƙa shi ba, shekara arba'in ana yin sa, wanda ya cike shi ya binne mutum sau biyu. Mene ne?

To, sannu. Ina fatan kana lafiya, kai da matar da ka musanya ni da ita. Mako uku ke nan da direba ya kawo maka akwatin kayan kafintancin kakanka, shiru kake. Uwarka ta ce kana wanke su har suna ƙyalli. Ni kuwa na san hannunka, kai ne ka taɓa wanke mini rediyo da sabulu. Rubuto ka faɗa mini abin da ka yi musu, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka buga waya, ba na jin komai a cikinta sai iska.

Ka huta lafiya.
Kakarka

Uwargida ran gida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Kwantar da hankalinki. Na jiƙa ƙarafan, tsatsa ta fita, na wasa haƙoran zarto, na sake wa guduma ƙota. Ƙotar zarton ma na bi ta da samfefa, ta yi sumul kamar sabuwa.

Gizagon ne ya rage. Ƙotarsa ta lotsa a gefe guda, ba ta zama a hannu, ina jin gara ce ta ci. Ran Asabar zan cike wurin da garin katako da gam, in goge.

Amsar kacici-kacicinki rijiya ce. Ki tanadi tukuicina.

Angonki

Kai, mai kan kabewa,

Ina gaisuwa, amma a tsaye nake rubutun nan. Rijiya ba haƙa ta ake yi ba? Takardarka sai yau Alhamis ta iso, direba kuma ya ce motarsa na wurin makanike, bai san ranar fitowarta ba. Na je bakin titi sau uku neman wanda zai kai maka wannan, har ƙafar ta kumbura.

Kada ka taɓa gizagon nan. Ba gara ba ce. Kakanka bahago ne, kana goye ya rasu, ina za ka sani. Tun da ya tafi, kullum in na gama shara sai in buɗe akwatin in riƙe ƙotar nan kaɗan in mayar. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, kai ma in ka faɗa wa uwarka na sake ka. Hotonsa ɗaya ne, shi ma ruwa ya cinye fuskar. Da na ba ka akwatin, kunya ta hana ni cire gizagon, na ce kacici-kacici zai ishe ka, ashe karatunka bai kai nan ba.

In wannan ta same ka bayan Asabar, kada ka ɓoye mini.

Allah ya tsare.
Kakarka

Kaka,

Ina gaishe ki. Takardarki ta zo Litinin.

Ran Asabar na kwaɓa gam ɗin. Yana hannuna na dama, sai na ɗauki gizagon da hagu. Yatsana ya faɗa wurin ya zauna daram, kamar an auna. Na daɗe a tsaye har gam ɗin ya bushe a gwangwani. Ban cike ba.

Amma na ƙotar zarton ya riga ya tafi, shi ma akwai lotsawa irin wannan, na goge ta tun makon farko. Ki yafe mini. Gizagon na hannun direba, na naɗe shi a tsohuwar rigata.

Jikanki

Angona,

Gaisuwa. Ya iso, na duba, yana nan. Na zarto na yafe, ɗaya ya ishe ni, da ma hannu ɗaya nake riƙe masa. Aurenmu na nan, tukuici ne dai babu.

Sai mun haɗu.
Kakarka

Amsar kuwa, gurbin babban yatsan kakanka ne a ƙotar gizago.