Kakan da ke cikin salula

Belbeji, daren Asabar.

Kai, maigidana Malam ya ba ni kunya yau, shi kuwa ko a jikinsa. Tun da ya sayo katin labarai a kasuwa, kullum sai ya kunna salula mu saurari wani yana karanta tsofaffin labarai. Shekaranjiya muka ji na makiyayin da ya kwana cikin rijiya, kura na jiransa a baki.

Yau a gidan suna na jiyo shi ta bayan darni yana ba maza labarin, wai kakansa ne abin ya sama a Tarka. Har da rantsuwa! Mutumin da kakansa tela ne, ko akuya bai taɓa kiwo ba. Su kuma sai kabbara suke yi, kamar ba su taɓa ji ba.

Zinaru maƙwabciyata ta matso, ta rage murya: "Maman Sani, ashe mu dangi ne? Jiya nawa mijin ma ya ce kakansa ne."

Ga shi can yana sauraron wani sabo. Allah kaɗai ya san wane kaka za a haifa mana gobe.