Bokiti Marar Haƙora

Litinin, 3 ga Maris

Alhamdulillahi, an fara. A filin nan za a gina sashen wankin ƙoda, kuma ni ne kan katafila. Daga ƙofar gidanmu ana hango wurin. In aka gama, Inna ta huta da doguwar tafiyar wankin ƙodar da take dawowa daga ita kamar an matse tsumma.

Sai dai an haɗa mu da masu binciken kayan tarihi. Wai doka ce, ba a haƙa sai suna tsaye. Shugabarsu wata 'yar siririyar mata ce, buroshi a aljihu. Tuni na sa mata Mai Buroshi.

Laraba, 5 ga Maris

Ta sa an cire wa bokitin katafilata haƙora, an ɗaura mai baki sumul. Wai haƙora na yaga ƙasa, ba ta ganin launi. Kuma in riƙa kankarowa kaurin yatsa, tana biye da ni. Kaurin yatsa, da katafila! Na ce to a ba ni cokalin shayi mana. Ko murmushi ba ta yi ba.

Na tambaye ta zinare take nema? Ta ce a'a, baƙin tabo. Ikon Allah.

Alhamis, 6 ga Maris

Foman, shugaban aikinmu, ya ja ni gefe, ya ce ya taɓa ganin inda suka tsinci abu, aikin ya tsaya har ciyawa ta cinye wurin. Bai ce in yi komai ba. Ya dai ce idon direba ne ke fara gani.

Litinin, 10 ga Maris

Na gani. Ta tafi can ƙarshen fili amsa waya, na ja bokiti, sai ga baƙin da'ira cikin jar ƙasa, faɗin tabarma, da bakin tukunya ya ɗan leƙo. Ɗiba ɗaya ya isa, babu wanda zai sani. Hannuna na kan libar da ke juya bokiti. Inna kawai nake gani a kujerar mota, kanta jingine da gilashi.

Ban san me ya hau kaina ba, na danna hon, na kira ta.

Foman bai ƙara kallona ba har aka tashi. A gida maman yara ta ce me ya same ni, na ce ciwon kai.

Laraba, 12 ga Maris

An zagaye wurin da igiya. Katafila a kashe. Manya-manyan mutane sun durƙusa suna share ƙasa da buroshi, wani na zane, wani na ɗaukar hoto, ni ina zaune kamar maigadi. Tsoro nake ji, wallahi.

Inna ta tambaya me ya sa ba ta jin ƙarar injin. Na ce gyara ake.

Juma'a, 14 ga Maris

Na kasa haƙuri, na tare ta. Na ce, "Malama, ki faɗa mini gaskiya, rufe wurin nan za ku yi? Mahaifiyata ke jiran ginin nan."

Ta ɗago ta dube ni, karon farko ke nan. Ta ce, "Malam direba, ba hana gini muka zo yi ba. Mu auna, mu zana, mu kwashe, mu ba ku wurinku. Da ka yage shi ne za a dakatar da komai a yi ta bincike."

Sai da na nemi bulo na zauna. Ta nuna mini murhu, duwatsunsa na nan yadda aka girka su, har da gawayi. A jikin tukunyar akwai shatar babban yatsan wanda ya gina ta. Ta ce in sa nawa in gani. Ya shige daidai. Na dai ce mata to.

Talata, 18 ga Maris

Sun cire igiya! Na tayar da injin har da ƙarin wuta don Inna ta ji. Foman ya miƙo mini ruwan sanyi, wai dama shi ya san haka za a yi. Bakinsa dai ba ya ciwo.

Na faɗa wa Inna komai. Ta ce ashe gyaran ƙarya ne. Da ta ji za a ajiye tukunyar cikin gilashi a ɗakin jira, sai ta ce madalla, ta samu abin kallo, kuma mai murhun nan ko wace ce, Allah ya ji ƙanta. Yau kam zan yi barcin da na manta rabona da irinsa.

Litinin, 7 ga Afrilu

An zuba harsashi. An tura ni wani fili kafin a sake buƙatata a nan, babu Mai Buroshi, babu mai tsaya mini a kai. Makaniki ya zo zai mayar wa bokiti haƙoransa, na ce ya bari tukuna, ƙasar nan da laushi.

Ba wani laushi. Ban dai son ina ja ban ga launi ba.