Ledar da Na Fasa a Bayan Bappa

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Ni ɗaliba ce a sakandare, a unguwar Kagarawal muke.

Bappana, ƙanin mahaifina, soja ne. Shekara shida ya yi a dajin Borno, ya dawo gidanmu yana ɗingishi. Gari ya lafa, an kwashe buhunan yashin bakin titi, an daina laluben mutane a ƙofar masallaci, amma shi bai lafa ba. Ni ba ni da surutu, sai kallo. Na lura ba ya juya wa ƙofa baya, ba ya cin gasasshen nama, kuma in murfin tukunya ya faɗi, sai ya zabura har shayinsa ya zube. Na gaya wa ƙawata, ta ce, "Soja guda? Ke dai kin iya ƙarya." Sai na ƙudurta zan gwada shi in tabbatar.

Ranar Laraba bayan la'asar yana zaune a tsakar gida, na hura ledar ruwan fiya wata, na laɓe bayan tanki, na take ta. Fau! Daidai nan Malam Buba mai ruwa ya shigo da jarka biyu. Bappa ya yi kansa, ya kayar da shi, ya dinga buga masa kai da siminti yana ihu, "Ku kwanta! Ku kwanta!" Sai da maza huɗu suka ɓamɓare shi. Na ga haƙora biyu cikin ruwan da ya malale, ruwan ya yi ja. Har yau Malam Buba ba ya gani da idon hagu.

Bappa ya rantse ya ji harbi. Inna tana wajen niƙa, Baba yana kasuwa, maƙwabta suka ce ba su ji komai ba. Ya juyo gare ni, hannunsa duk jini, ya ce, "'Yata, ke ba kya ƙarya. Kin ji, ko?" Na sunkuyar da kai na ce, "Ban ji ba, Bappa." Wace irin 'ya ce ni?

Tun ranar ya yarda cewa ya haukace. Ranar Asabar za a kai shi wajen wani mai magani a ƙauye, inda ake sa wa mutane marin ƙarfe a ƙafa. Jiya da kansa ya ninke kayansa, ya miƙo min agogonsa. In na faɗa, Baba sai ya karya ni, kuma da wane ido zan kalli Malam Buba? In na yi shiru, za a ɗaure mutumin da kunnensa bai yi masa ƙarya ba. Ledar tana nan cikin jakar makarantata. Me zan yi?