Ciyawar Kaka a Gindin Randa

Laraba da dare, Maris 1991

Ciyawar Kaka tana mutuwa, kuma na kasa faɗa mata. Kawu Sani ne ya kawo ta a kamiyonsa, babbar motar kaya, daga tsaunin Mambila, inda aka haifi Kaka. Na dasa ta a tsohon kwano, kullum ina ba ta ruwan rijiya, amma rijiyar Kwatano gishiri gare ta, ga zafi. Yau rabinta ya bushe.

Da yamma, maza na ƙofar gida suna gardamar zaɓe, Kaka ta ce in kawo kwanon. Tunda idonta ya tafi, da tafin ƙafa take taɓa ciyawar. Na ajiye mata a gabanta.

Ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce, "Ƙawata, ta bushe ko?"

Na ce, "Kaɗan, Kaka."

"Ko a can baƙuwa ce. Don shanu aka kawo ta, ta cinye tsaunin. Kai ta gindin randa, ki ba ta ruwan famfo. Ni ma shekarata ta fari a garin nan haka na yi."

Na kai ta. Ɗazu na leƙa da fitila, can ƙasa akwai ɗan kore. Ban dai sani ba ko sabo ne.